Inda Farin Cikin Maigida Mai Addini Yake Fitowa a Maraɗi

Assalamu alaikum, masu kallonmu. Idan aka tambayi magidanci a Maraɗi yadda ya kwana da iyali, amsar da za a ji ita ce "lafiya lau, alhamdu lillahi", ko da kuwa ya kwana yana lissafin kuɗin haya da na magani. Amsa ce ta ladabi, kuma ba ta bayyana komai. A shirinmu na yau za mu leƙa bayan wannan amsa, mu bi wani maigida mai riƙo da addini tun daga asuba har lokacin da zai rufe ƙofar gidansa da dare, domin mu ga daga ina farin cikinsa yake fitowa a ranar da babu suna, babu ɗaurin aure, babu Sallah. Ba za mu ba shi suna ba, domin irinsa suna da yawa a Bagalam da Mokoyo da Zariya da Sabon Gari. Ku ɗauke shi a matsayin mai rumfar hatsi a kasuwa, ba attajiri ba kuma ba mabaraci ba, mai mata da 'ya'ya shida.

Kafin mu shiga gidan, ya kamata mu san ma'aunin da mutumin yake auna rayuwarsa da shi, domin ba shi ya ƙirƙiro shi ba. A wani hadisi da Tirmizi ya ruwaito, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiya a jikinsa, kuma yana da abincin yininsa, to kamar an tattara masa duniya ne baki ɗaya. Ku lura da kalmar yini. Ba a ce abincin shekara ba, ba a ce rumbu cike ba. A ƙasar da binciken lafiyar jama'a na shekarar 2012 ya nuna cewa mace tana haihuwar 'ya'ya sama da bakwai a matsakaici, kuma jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka zarce wannan adadi, abincin yini ɗaya ma ba ƙaramin al'amari ba ne. Mutumin da ya yarda da wannan ma'auni yana da dalilin murna kusan kowace safiya, alhali wanda ma'auninsa motar maƙwabci ce sai ya jira shekaru.

Ranar tana farawa ne da aikin da babu uban da yake jin daɗinsa, wato tashin yara sallar asuba. A Suratu Ɗaha, aya ta 132, an umurci mutum da ya horar da iyalinsa da sallah kuma ya yi haƙuri a kanta, kuma duk wanda ya taɓa tashin yaro ɗan shekara tara cikin sanyin hunturu ya san dalilin da ya sa aka haɗa umurnin da haƙuri. Ana kira sau ɗaya, a kira sau uku, a janye bargo, yaron ya tashi zaune ya koma barci a zaune. Haka ake yi wata da watanni. Sai wata rana, maigida yana kwance bai ma tashi ba, ya ji ƙarar buta a tsakar gida, da ruwa yana zuba a kan ƙasa, da ɗan tarin yaro. Ya ɗaga labule ya ga yaron tsugune yana alwala shi kaɗai, yana jan numfashi saboda sanyin ruwan, ba wanda ya tashe shi. Uban ba ya cewa komai. Yana sakin labulen, ya ɗauki tasa butar, kuma a hanyar masallaci yana rage saurinsa domin takalman da ke biye da shi su cim masa. Idan ka tambaye shi bayan shekara ashirin, zai iya mantawa da cinikin da ya yi a wannan wata, amma wannan asubar tana nan.

Daga nan sai karatu, kuma a nan ne mafi yawan jin daɗin irin wannan uba yake taruwa. Yaran gidan suna da makaranta biyu: lakwal, inda ake koyon Faransanci da lissafi, da makarantar allo ko Islamiyya, inda ake koyon Alƙur'ani. Tsarin allo yana da matakai da kowa ya sani. Yaro yana farawa da babbaƙu, wato haruffa ba wasali, ya wuce farfaru inda ake sa musu wasali, sannan ya fara haɗa baƙi yana karanta gajerun surori daga Nasi yana hawa sama. Duk lokacin da ya riƙe abin da ke kan allonsa, malam ya ba shi izinin wankewa, a sake rubuta masa sabo da tawada. Alƙur'ani izu sittin ne, saboda haka tafiyar doguwa ce, amma an sa mata zango-zango: ranar da yaro ya kai Sabbi ana sanin ya ci izu guda, ranar da ya kai Amma ya ci biyu, kuma a gidaje da dama uwa takan soya waina ko ta dama fura a kai wa malam da ɗalibai sadaka.

Abin da wannan tsari yake yi wa uba shi ne yana ba shi ci gaban da zai iya ji da kunnensa. Ciniki yana hawa yana sauka, damina tana kyau tana ɓaci, amma yarinyar da jiya take tuntuɓe a wata aya yau ta wuce ta sumul, wannan riba ce da ba ta komawa baya. Maigidanmu yakan zauna bayan magariba a kan tabarma, yarinyar tana gabansa da allonta, tana karantawa da waƙar nan ta 'yan makaranta. Ta zo wani wuri ta tsaya, shi kuma ya cika mata, sai ta ɗago kai ta ce, "Baba, ba haka Malam ya ce ba." Ya sa a ɗauko Alƙur'ani, aka duba, ashe ita ce da gaskiya. A ganinmu, babu wani gyara da namiji Bahaushe yake karɓa da murmushi kamar wannan. Shi ne abin da addu'ar Suratul Furƙan, aya ta 74, take roƙo, cewa Allah Ya ba mutum sanyin ido daga matansa da zuriyarsa.

Yanzu mu zo kan cefane, wanda mutane da yawa za su sa a jerin wahala maimakon jerin daɗi. Kowace safiya sai ya ajiye wa uwar gida kuɗin miya, ya auna tiyar gero ko ta masara, ya ba yara na ƙosai. Abin da ya bambanta shi da wanda yake yin haka yana gunaguni shi ne niyya. A hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da Buhari da Muslim suka ruwaito, an nuna cewa duk abin da mutum ya ciyar don neman yardar Allah za a ba shi lada a kai, har lomar da yake sa wa a bakin matarsa. Da wannan fahimta, jika biyun da ta fita daga aljihunsa ba ta ɓace ba, ajiya ce. Kuma irin wannan tunani an gwada shi a garin nan ba da daɗewa ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka da Najeriya, aka yanke wutar lantarkin da ke zuwa daga can, kuma garin da rayuwarsa ta rataya a kan hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina ya ji a jikinsa. A irin waɗannan watanni, ganin hayaƙi yana tashi daga murhun gidanka da rana ya zama abin da ake yi wa hamdala da gaske, ba don a cika baki ba.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ba sa buƙatar dogon bayani. Furar da aka dama da nono mai kyau aka rufe da faifai tana jiransa lokacin da ya dawo azahar cikin zafin bazara. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Jar akuyar nan ta Maraɗi, wadda sunan garin ya bi ta har ƙasashen waje, ta haifi tagwaye a bayan ɗaki, yara suna rigimar wa zai sa musu suna. Ruwan farko na damina da ƙamshin ƙasa.

Sai dai akwai wani wuri da al'ada da addini suke ɗan jan igiya, kuma ya dace a tsaya a kansa. Bahaushe yana da kunya game da 'ya'yansa, musamman ɗan fari. Akwai iyayen da ba sa kiran sunan ɗan farinsu har abada, ba sa ɗaukarsa a gaban mutane, ba sa yabonsa ko da ya yi abin yabo, kuma idan an yi masa barka da ƙoƙarin yaron sai uban ya kawar da zancen. Wannan alkunya tana da kyawunta, domin tana hana fahariya, kuma tana ba kakanni da baffanni damar su ja yaron a jiki. Amma sunna ta zo da wani hoto dabam. Buhari ya ruwaito cewa Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi yana sumbatar jikansa Hasan, sai ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka amsa masa da cewa wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. An kuma ruwaito cewa Annabi ya yi sallah yana ɗauke da jikarsa Umama, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya sake ɗaukarta. Uban da ya yi karatu ya san waɗannan hadisai, kuma ya tashi a gidan da mahaifinsa bai taɓa dafa kansa ba. Abin da yawancinsu suke yi shi ne sulhu: a waje suna riƙe da kunya, a cikin gida suna sassautawa, kuma sau da yawa auta ce take cin ribar abin da aka hana ɗan fari. Ita ce take hawa bayansa yana sujadar nafila, shi kuma ya tsawaita sujadar har ta gaji ta sauka.

Ba za a yi adalci ba idan aka yi maganar daɗin wannan gida ba a faɗi wanda yake ɗauke da nauyinsa ba. Furar nan wata ce ta daka ta, yaran nan wata ce ta yi musu wanka ta wanke musu kaya, kuma ita ce ta kwana zaune lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya kama ƙaramin a watan Agusta. An tambayi Nana A'isha abin da Annabi yake yi a gida, ta ce yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin sallah ya yi sai ya fita. A wani hadisin kuma an ce mafi alherin mutane shi ne mafi alheri ga iyalinsa. Saboda haka maigidan da yake sahun farko a masallaci amma matarsa ba ta taɓa jin "sannu da aiki" daga bakinsa ba, akwai sauran karatu a gabansa, kuma shi kansa yana cutar kansa, domin natsuwa da ƙauna da rahamar da Suratur Rum ta ambata a aya ta 21 ba sa zama a gidan da mutum ɗaya kaɗai yake hutawa. Namu maigidan ba waliyyi ba ne, yakan yi faɗa a kan gishiri ya yi yawa. Amma idan ya dawo kasuwa yakan riƙo mata 'yar ledar kilishi ko aya, ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba, ita kuma ta ce, "An gode, Malam, Allah Ya ƙara buɗi," kuma su biyun sun san abin da aka faɗa.

Babban abokin takarar gida a Maraɗi ba wani mugun wuri ba ne, fada ce, wato majalisar hirar abokai. Bayan isha'i abokai suna zaune a bakin titi, an ɗora butar shayi a kan gawayi, na farko mai ɗaci, na biyu, na uku mai zaƙi, ana hirar farashin wake da siyasa da kokowar takobi. Zama ne mai daɗi kuma yana da amfani, domin a nan ake jin wanda ba shi da lafiya da wanda ake bi bashi. Matsalar ita ce shayi uku yana cin dare, kuma wanda ya jira na ukun kullum zai tarar yara sun yi barci. Duk abubuwan da muka lissafa, daga karatun yarinya zuwa rigimar 'yan akuya, ba a ba da labarinsu daga baya, sai wanda yake wurin yake samunsu.

Shi ya sa mutumin namu yakan sha na farko ya yi sallama. A gida an shimfiɗa tabarma a tsakar gida saboda wuta ta ɗauke, yara sun kewaye shi, ɗaya ya tambaye shi dalilin da ya sa ake ce wa sarkin garin nan Sarkin Katsina alhali Katsina tana Najeriya. Sai ya gyara zama ya ba su labarin yadda sarakunan Haɓe suka bar Katsina bayan ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, suka zo suka kafa Maraɗi a bakin gulbi, da yadda tsohon garin yake can ƙasa cikin kwari har ambaliyar 1945 ta cinye shi aka hauro tudu, kamar yadda kakansa ya ba shi labari. Kafin ya kai ga labarin ambaliyar, yara biyu sun yi barci, auta kuma tana kan cinyarsa da ragowar ƙosai a hannu. Ya tofa musu Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ya kai ɗaki, sannan ya leƙa ya tabbatar an ɗaure akuyar. Babban yaron, wanda uban bai taɓa kiran sunansa ba, shi ne yake cika butoci biyu da ruwa ya ajiye su a bakin ƙofa saboda asuba.