Lacca: Tsinuwar Amarantha da inda masu karatu suka rabu

Assalamu alaikum. Jama'a, wanda bai karanta littafin nan ba kuma yana da niyya, ya toshe kunnensa tun yanzu, don sai na tona ƙarshensa.

Littafin shi ne A Court of Thorns and Roses na Sarah J. Maas, 'yar Amurka, wanda ya fito a 2015. Halittun cikinsa zan riƙa ce musu aljanu don ita ce kalmar da ta fi kusa, amma ba aljanun da muka sani a addini ba ne. Na tatsuniyoyin Sikotilan da maƙwabtanta ne, masu siffar mutane, masu sarauta da fada.

Tsinuwa a irin wannan labari kamar takardar bashi take: akwai mai bi, akwai wa'adi, akwai sharaɗin biya. Amarantha, muguwar sarauniyar labarin, ta nemi soyayyar Tamlin, ɗaya daga sarakuna bakwai na ƙasar aljanun, ya ƙi ta, ya kuma yaɓa mata magana a bainar jama'a. Sai ta manne wa shi da mutanen fadarsa abin rufe fuskar da suka sa zuwa biki. Wa'adi shekara bakwai sau bakwai, wato 49. Sharaɗin kuwa, sai an sami 'yar Adam mai tsananin ƙin aljanu, ta kashe ɗaya daga mutanensa, daga baya ta so shi har ta furta da bakinta. Sannan aka ɗaure bakin kowa, ba mai ikon gaya mata.

To, wannan ɗaurin bakin shi ne mafarin rigima. Masu kuka suna cewa fiye da rabin littafin Feyre, wato yarinyar da ta kashe mutumin Tamlin aka kai ta fadarsa, zane kawai take yi tana yawo a lambu, kowa na yi mata magana a dunƙule. Can Tamlin ya mayar da ita gida saura kwana uku wa'adi ya cika. Ta dawo ta tarar da fada kango, sai wata hadima mai suna Alis ta zaunar da ita ta zazzage mata komai a zama ɗaya. Masu kare littafin suna cewa a sake karantawa, za a ga alamun suna nan tun farko. Suna nan kam. Amma a ganina masu kukan sun fi gaskiya. Mai karatun da bai san ana ƙirga kwanaki ba, gabansa ba zai faɗi ba.

Ku gwada da tushen. Labarin ya ɗebo daga tatsuniyar kyakkyawa da dodo, wadda Madam de Villeneuve ta buga a Faransa a 1740, da kuma tsohuwar waƙar Tam Lin ta iyakar Sikotilan, lamba 39 a kundin waƙoƙin gargajiya da Francis Child ya tattara. A waƙar ba a ɓoye komai ba. Tam Lin ya shaida wa masoyiyarsa Janet cewa duk shekara bakwai aljanu kan miƙa mutum ɗaya ga wuta, kuma yana jin bana shi ne. Ya faɗa mata daren, ya faɗa mata wurin. Ta bar baƙin doki ya wuce, ta bar ja ya wuce, ta fizgo mahayin farin, shi ne Tam Lin. Za a rikiɗa shi a hannunta ya zama maciji, ya zama zaki, ya zama jan ƙarfe mai zafi, kada ta saki. Da ya zama garwashi ta jefa shi rijiya, ta lulluɓe shi da koren mayafinta. Kun ji bambancin? Mai sauraro ya san kowane mataki, saboda haka kowane mataki yana tsinka masa zuciya.

Sai kacici-kacicin. Da Feyre ta je ceto Tamlin daga hannun Amarantha, sai Amarantha ta ba ta zaɓi: jarrabawa uku, ɗaya duk cikar wata, ko ta warware kacici-kacici guda tsinuwa ta karye nan take. Amsar ita ce soyayya. Ƙorafin da aka fi yi kenan, cewa mai karatu ya gane tun layin farko, jaruma kuwa sai da ta kwashe wata uku. Idan mai karatu ya riga jaruma da shafi ɗaya yakan ji daɗi, idan ya riga ta da babi goma sai ya raina ta.

Jarrabawa ta biyu ce ta fi ƙwarin gini, ko da yake ba a cika yabonta ba. Tun farkon littafi an nuna Feyre ba ta iya karatu sosai ba. Sai ga tambaya rubuce a bango, ga maɓalli uku, ga rufi mai tsinin ƙarfe yana saukowa. Rauninta ne ya zama tarkonta. Matsalar ita ce ba ita ta fid da kanta ba. Rhysand ne, wani daga sarakunan bakwai, ya nuna mata amsar ta hanyar zanen tsafin da ya yi mata a hannu, bayan ta amince za ta riƙa ba shi mako ɗaya duk wata. Wasu sun ce an ƙwace wa jaruma nasararta, wasu sun ce sabon bashi aka ɗora mata, kuma shi ya haifi littafi na biyu.

A ta uku aka ba ta wuƙa ta soke mutum uku. Biyu marasa laifi ta kashe su da gaske. Na ukun Tamlin ne, ta tuna ta taɓa jin ana cewa zuciyarsa dutse ce, ta soka. Amarantha ta karya mata wuya, sarakunan bakwai suka haɗu suka tashe ta, ta zama irinsu. Nan ma an ce an mayar mata da kuɗin da ta biya, har da riba. Ranta an mayar, amma waɗancan biyun ba su tashi ba. Shi ya sa littafi na biyu, na 2016, ya buɗe da ita tana farkawa cikin dare tana amai saboda mafarkinsu.