Na Zo Har Senegal, Kacala Ta Riga Ni Zuwa

Salamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, a bakin kogin Senegal nake. Wannan da ke bayana madatsar Diama ce, kusa da birnin San Luwi a Senegal, waccan gaɓar kuma Muritaniya. A 1986 aka gama ta. Aikinta ta tare ruwan gishirin teku kada ya hauro kogi da rani.

Wayar Inna ce ta taso ni zuwa nan. Mu mutanen wani ƙauye ne a gefen Guri. Shekaranjiya ta ce tuƙa-tuƙar unguwa ta yi sati uku a mace, ƙannena sun koma jan guga a tsohuwar rijiyar bayan masallaci, ruwan ja wur, sai an bar shi ya kwanta a randa. Ta ce, "Ɗan nan, da damina ruwa ya cinye mana gero, yanzu na sha ya gagare mu." Na rasa abin cewa, sai "Allah Ya kawo sauƙi, Inna."

Abin da ya ɗaure min kai a nan, madatsar ba ta ƙasa ɗaya ba ce. Mali da Muritaniya da Senegal suka kafa OMVS, hukumar kula da kogin nan, a 1972, Gini ta shigo a 2006, kuma ƙasashe ukun farko tare suka mallaki wannan da ta Manantali can Mali. Famfon Dakar yana sha ne daga tafkin Giyer da kogin nan ke cikawa, tafiyar wajen kilomita 250. Nuwakshot, babban birnin Muritaniya, ma daga nan ake tura mata.

To mu fa? Madatsar Tiga a Kano tun 1974, ta Challawa 1992. Daga kogunan nan Tamburawa da Challawa ke tace wa birnin Kano ruwa. Ragowar ta gangaro Wudil, Ringim, Haɗeja, ta wuce Gashuwa, ta zama iyakarmu da Nijar wajen Diffa, ta nufi tafkin Chadi. Ka ga ke nan idan aka buɗe ƙofar dam, ko kamfanonin jima suka sako dattinsu, a tukunyar Inna zancen yake ƙarewa. Ba wanda ya taɓa zuwa ƙauyenmu ya tambaye mu. Hukumar tafkin Chadi kuwa tun 1964 take, ta girmi ta nan da shekara takwas, amma je ka dandali ka ambace ta ka ga wa zai gane.

Kada ku ce aljanna na tarar. A 2013 bututu ya fashe a matatar ruwa ta Kër Momar Sar, Dakar ta yi kusan sati biyu tana layin jarka.

Kuma bari in juya muku kyamara. Kun gane ta? Kacala ce, wallahi! Ciyawar nan dai da ta toshe mana hanyoyin ruwa, ta zama gidan tsuntsayen jan-baki. Tun da aka tare gishiri ta samu wurin zama. Bambancin, nan wasu na yanke ta su yi gawayi. Gobe zan nemo masu yin, Baffa sai ka kira 'yan kwale-kwale ku kalla tare. Direba na ta min oda, sai anjima.