Ruwan da ke Cin Ƙanƙarar Antatika ta Ƙasa

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, malamai, ɗalibai. Na baya kuna ji? To, madalla. Abubuwa huɗu na rubuto: yadda wurin yake, ruwan da ke shigarsa, yadda ake aunawa, sai abin da ke biyo baya in rumfar ta lalace.

Mu fara da wurin. Ƙanƙarar da ta lulluɓe Antatika ba a tsaye take ba, gangarowa take yi a hankali zuwa bakin teku. In ta iso inda ƙasa ta yi zurfi sai ruwa ya ɗaga ta, ta ci gaba da miƙewa a kansa ba tare da ta ɓalle daga uwarta ba. Wannan ita ce rumfar ƙanƙara. Babbarsu ita ce ta Ross, girmanta ya kusa na ƙasar Faransa, sai ta Filchner-Ronne ta bi mata. A ƙarƙashinta kogo ne cike da ruwan teku, rana ba ta shiga, iska ba ta taɓa shi. Wurin da ƙanƙarar ta rabu da ƙasa, can ciki, shi ne gindin rumfa, kuma a wasu wurare zurfinsa ya haura mita 1,000. Ku riƙe wannan gindin, komai can yake komawa.

Na biyu, ruwan. Nan nake so ku ajiye waya. Ruwan rijiya yana daskarewa a digiri sifili. Ruwan teku, saboda gishiri, sai ya kai digiri 1.9 ƙasa da sifili. Wannan kowa ya sani. Abin da ake mantawa shi ne matsi. Duk mita 1,000 da ka nutsa, ma'aunin daskarewa yana ƙara sauka da kusan digiri 0.75. Wato a gindin rumfa mai zurfin mita 1,000, ruwa ba ya daskarewa sai wajen 2.6 ƙasa da sifili. Kun ga abin? Ruwan da a sama yake gab da zama ƙanƙara, shi ɗin dai, ba a ɗora shi kan wuta ba, ba a ƙara masa komai ba, in ya gangara can ƙasa ya zama mai narkar da ƙanƙara. Bari in sake faɗa, don jarrabawa tana son wannan wurin. (Dariya.) Ba ruwan ne ya yi zafi ba, ƙanƙarar ce ta yi rauni saboda nauyin da ke kanta.

To wa ke tura ruwan ciki? A Tekun Ross da Tekun Weddell, lokacin sanyi, iska mai ƙarfi tana saukowa daga tudu ta kore ƙanƙarar da ke bakin gaɓa, ruwa ya buɗe, ya sake daskarewa, iska ta sake korewa. Duk sanda ruwan teku ya daskare, yawancin gishirinsa yake tofarwa. Ruwan da ya rage sai gishiri ya yi masa yawa, ya yi nauyi, ya nutse, ya bi ƙasan teku har cikin kogo, har gindi. Can ya narkar da ƙanƙara. Narkakken ruwan ba shi da gishiri, ya gauraya da shi, gaurayen ya yi sauƙi, sai ya fara hawa yana bin rufin kogon zuwa waje. Juyawar duniya kuma tana karkatar da shi hagu, tunda kudancin duniya ne, shi ya sa ba ya fita ta ko'ina, gefe guda yake bi.

Yanzu ga daɗin labarin. Yana hawa matsi yana raguwa, ma'aunin daskarewa yana dawowa sama, har a kai inda ruwan ya fi ma'aunin daskarewarsa sanyi. Sai 'yan ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara su fara fitowa a cikinsa, su taso, su manne a rufi. Ya ci a gindi, ya biya a tsakiya. A ƙarƙashin rumfar Amery wannan sabuwar ƙanƙara ta taru fiye da mita 100. Shi ya sa wani lokaci dutsen ƙanƙara da ya ɓalle daga can, in ya kife, sai a ga cikinsa kore shar. Masana biyu, Lewis da Perkin, su ne suka yi wa wannan zagayen cikakken bayani a 1986, suka kira shi famfon ƙanƙara, kuma famfo ne da ba ya buƙatar inji, bambancin zurfi kaɗai ya ishe shi. A irin wannan kogo mai sanyi, abin da ke narkewa a shekara, in an raba daidai, bai kai mita ɗaya ba.

Tekun Amundsen kuwa wani labari ne. Can akwai ruwa mai zurfi da ke zagaye Antatika, ɗuminsa wajen digiri 1 sama da sifili. Na ga wani yana murmushi, wai digiri ɗaya ne ɗumi. Mutumin Sakkwato ke nan. (Dariya.) Mu yi lissafi. Narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara yana cin kilojul 334, kilojul ɗin ma'aunin yawan zafi ne. Kilo ɗaya na ruwan teku, in ya huce da digiri ɗaya, kilojul 4 yake bayarwa. Ruwan Ross mai rarar digiri 0.7 sai ka tara fiye da kilo 100 kafin ya narkar da kilo ɗaya. Wannan mai rarar digiri 3.6, kilo 23 ya isa. Yana bin kwazazzaban da ke ƙasan teku ya shiga ƙarƙashin rumfunan Pine Island da Thwaites, kuma kusa da gindin Pine Island yana cin mita gommai a shekara. Yawan da ke shiga kuma iska ce ke juya shi: tsakanin 2010 da 2012, da ruwan ɗumin ya ja baya, narkewar Pine Island ta ragu da kusan rabi.

Ina muke, na uku ko na huɗu? Shugaba yana nuna mini agogo. To, awo, a gurguje. Ana narkar da dusar ƙanƙara, a dafa ta, a tura ta tiyo a huda rami mai faɗin kusan santimita 30. Matsalar ita ce ramin yana fara tsukewa da zarar an janye tiyo, don haka a riƙa sake faɗaɗa shi, in an yi jinkiri na'ura ta maƙale. Ana zura ma'aunin zafi da gishiri da zurfi. Ana tura jirgin ƙarƙashin ruwa marar matuƙi. Wani mai suna Autosub3 ya shiga ƙarƙashin Pine Island a 2009 ya gano tudun da ƙanƙarar ta taɓa zama a kai. Haɗarinsa, in ya samu matsala ba shi da saman da zai taso, rufi ne. Wani mai suna Ran, na Jami'ar Gothenburg, haka ya ɓace a ƙarƙashin rumfar Dotson a 2024. A farkon 2020 kuma an zura wani siririn jirgin mai suna Icefin ta ramin kusan mita 600 a Thwaites, aka tarar inda rufin yake shimfiɗe narkewa mita 2 zuwa 5 ce kawai a shekara, domin narkakken ruwa ya kwanta a sama kamar mai a kan miya, ya shiga tsakanin ƙanƙara da ruwan ɗumi. A cikin tsaga da gangare, inda ba ya iya kwanciya, nan ake ɓarnar.

Na'am, ga hannu can. Miƙa mata.

(Wata ɗaliba: Malam, an koya mana cewa ƙanƙarar da ke kan ruwa in ta narke ba ta ƙara tsayin teku. To mene ne abin damuwa?)

Allah ya yi miki albarka, kin kai ni inda lokaci ya so hana ni. Gaskiya aka koya miki, rumfar ta riga ta ture ruwan da za ta ture. Amma tana gogar duwatsun gefe, tana tokare da tuddan ƙasan teku, wannan tokarewar ce ke riƙe ƙanƙarar da ke tudu. A 2002 rumfar Larsen B, murabba'in kilomita kusan 3,250, ta wargaje cikin 'yan makonni. Kogunan ƙanƙarar da ke bayanta suka ƙara gudu, wasu har ninki takwas. Waccan ta tudu ita ce sabon ruwa ga teku. Thwaites kuma ƙasan da take zaune a kai yana ƙara zurfi ne in ana shiga ciki, don haka duk sanda gindi ya ja baya sai ya faɗa wuri mafi zurfi, matsi ya ƙaru, mu dawo kan lissafinmu na ɗazu. Ita kaɗai tana riƙe da abin da zai ɗaga teku da kusan santimita 65, kuma tekun nan shi ne dai na Legas da Ankara ta Ghana da Kwatano. Shugaba ya miƙe, mai tambaya ta biyu ya same ni a waje bayan salla.