Wanki na je, ashe a ɗakin da mawaƙi Fats Domino ya ɗauki waƙa nake

Jama'a, salamu alaikum. Ku yi haƙuri da ƙarar injuna, a shagon wanki nake, nan titin Rampart a birnin New Orleans na Amurka, kuma wallahi har yanzu tsigar jikina tashi take. Kayan sati biyu na tattaro, na zuba dala bakwai a inji, na fito shan iska, sai idona ya faɗa kan wani allon ƙarfe a jikin bango. Ku duba, ga shi nan. Ashe wannan ginin shi ne tsohon situdiyon ɗaukar waƙoƙi na J&M, mallakar Cosimo Matassa. A nan ne, cikin Disambar 1949, wani saurayi ɗan shekara 21 mai suna Antoine Domino ya zauna gaban piyano, Dave Bartholomew yana jagorantar makaɗa, suka ɗauki "The Fat Man", faifan da aka sayar da kwafi miliyan guda. Yau kuma omo ake zubawa a wurin. Raina ya sosu, gaskiya.

Duniya Fats ta san shi da shi, saboda ƙibarsa. Mijin yayarsa, Harrison Verrett, shi ya koya masa piyano. Hannun hagu na rurin ganga, na dama na ta yayyafi uku-uku, irin kiɗan da suke ce wa rhythm and blues. Idan wasa ya yi daɗi, da ciki yake ture piyanon har ƙarshen dandamali, bai daina bugawa ba. Faifai sama da miliyan 65 ya sayar! A 1955 wani farar fata, Pat Boone, ya maimaita wata waƙar Fats, wanda baƙar fata ne, ta maimaicin ce ta hau lamba ɗaya a jerin waƙoƙin Amurka. Haka zamanin yake. Amma a 1969 Elvis Presley, mawaƙin da ake yi wa kirari da sarkin kiɗan rock and roll, da bakinsa ya nuna Fats a Las Vegas ya ce Fats ne sarkin.

Ni ba kuɗin ne ya kama ni ba. Mutumin nan ya zaga duniya da ƙungiyarsa, amma ya ƙi barin unguwar da aka haife shi a 1928, Lower Ninth Ward, unguwar talakawa baƙaƙe. A nan ya gina gidansa, a nan ya raini 'ya'ya takwas, kowanne sunansa da harafin A ya fara. Ko tafiya zai yi, da tukwanensa yake tafiya, ya dafa abincin garinsu a masauki. Kun san a nan ran Litinin wake da shinkafa ake ci? Da can ranar wanki ce, sai a ɗora jan wake ya yi ta dahuwa ana dirzar kaya. Na ɗanɗana wanda ba a sa naman alade ba, ba laifi, amma ina zai kamo garau-garau na Hajiyarmu da mai da yaji? Shekarata huɗu rabona da shi.

Da guguwar Katrina ta zo a Agustan 2005, ya ƙi fita saboda matarsa Rosemary ba ta da lafiya. Ruwa ya cinye unguwar, aka yi ta cewa ya mutu, har wani ya rubuta ta'aziyya da fenti a bangon gidansa. Ashe an ceto shi. Sai a Oktoban 2017 ya rasu, yana da shekara 89.

In za ku zo, kada ku kuskura ku zo a Agusta, zafi da gumi sai sun jiƙa ku sharkaf, ga fargabar guguwa. In kuma kun shiga unguwarsa, ku gaida mutane kafin ku ɗaga waya, da yawansu sun rasa 'yan uwa a ruwan nan. Injina ya tsaya. Bari in kwashe kayan, in tsallaka gada in nuna muku gidan.