Bugu huɗun da aka ci Lexi Thompson: wa ya naɗa mai kallon talabijin alƙali?

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da war haka. Ga waɗanda ba su saba da wasan golf ba, a riƙe abu ɗaya: wanda ya jefa ƙwallo a rami da bugu mafi ƙaranci shi ke da nasara. Idan aka ce an ci ka tarar bugu biyu, an ɗora maka bugu biyun da ba ka yi ba ke nan.

Daga ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilun 2017 aka buga gasar ANA Inspiration a filin Mission Hills da ke jihar Kalifoniya a Amurka, ɗaya daga manyan gasannin mata. Ranar Asabar, a rami na 17, ƙwallon Lexi Thompson, 'yar wasan Amurka, ta tsaya dab da bakin rami. Ta ajiye alama, ta ɗauke ƙwallon, ta mayar. To wajen mayarwar ne ba ta ajiye ta daidai inda take ba, ta goce da abin da bai kai inci ɗaya ba. Abokiyar wasanta ba ta gani ba, alƙalai ba su gani ba. Ta gama, ta sa hannu a takardar maki, ta tafi masauki.

Washegari Lahadi wani da ke kallo a gida ya aika wa LPGA, hukumar ƙwararrun 'yan wasan golf mata, imel. Aka duba bidiyo. Lexi ta baro rami na 12 tana kan gaba da bugu biyu, sai jami'ar dokoki Sue Witters ta tare ta: bugu biyu na buga ƙwallo daga inda ba wurinta ba, bugu biyu na sa hannu a kan makin da ba daidai ba. Ta tambaya ko wasa ake yi mata. Nan take ta koma baya da bugu biyu. Tana hawaye ta ci gaba, 'yan kallo na kiran sunanta, har ta kamo Ryu So-yeon ta Koriya ta Kudu. A bugun raba gardama Ryu ta ɗauke kofin.

Magoya baya suka rabu. Wasu suka ce doka doka ce, kuma kada ku raina hujjarsu. Golf wasa ne na amana, babu alƙali mai usur da ke bin kowa a guje, ɗan wasa shi ke kai ƙarar kansa. Bobby Jones ya yi haka a gasar US Open ta 1925, ya ci kansa tarar bugu ɗaya, kuma kofin ya kuɓuce masa. Phil Mickelson ma ya fito ya ce akwai 'yan wasan da ke sakaci wajen mayar da ƙwallo. Idan inci ɗaya ba komai ba ne, biyu fa?

Ni dai na yarda da bugu biyun farko. Ta yi kuskure, bidiyo ya nuna. Inda nake ja shi ne biyun baya. Yaya za a hukunta mutum don bai rubuta tarar da babu wanda ya san da ita ba a lokacin da ya sa hannu? Kuma ku sani, wannan ma sassauci ne, don kafin 2016 korar ta za a yi daga gasar ɗungurungum. Haka aka yi wa Craig Stadler a 1987 a San Diyego, don kawai ya shimfiɗa tawul ya durƙusa a kai kada wandonsa ya ɓaci, masu kallo suka bugo waya.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin daidaito. Kyamara na bin wanda ke kan gaba ne da wanda ya yi suna. Wadda ke can matsayi na hamsin za ta iya yin irin kuskuren nan sau uku, babu mai gani, balle a maimaita hoton a hankali ana zuƙowa. Ashe ido ɗaya aka zuba wa wasu, aka zuba wa wasu dubu. Tiger Woods, wanda shi ma kiran wayar mai kallo ya jawo masa bugu biyu a gasar Masters ta 2013, ya rubuta a Twitter cewa bai kamata masu kallo a gida su zama alƙalai ba.

Hukumomin USGA da R&A, masu rubuta dokokin golf, ba su bari watan Afrilun 2017 ya ƙare ba suka ce abin da ido ba zai iya gani ba sai da kyamara, ba za a hukunta a kansa ba. Daga 1 ga Janairun 2018 kuma suka daina karɓar ƙorafin masu kallo, aka sa jami'ai su riƙa bin bidiyon da kansu, aka kuma soke ƙarin bugu biyun ga wanda bai san ya yi laifi ba. Da wannan dokar aka yi wa Lexi hukunci, bugu biyu kawai za a ci ta.

Na ga wani a baya can ya ɗaga hannu tun ɗazu. Malam, bismillah, a miƙa masa makirufo.