Agabe mai ratsin rawaya: yadda ake shuka shi ya rayu

Jama'a, assalamu alaikum. Ku matso ku dubi ganyen nan da kyau. Tsakiyarsa kore ne mai ɗan toka-toka, gefe da gefe kuma rawaya, sai ka ce da fenti aka bi shi. Mutane da yawa in sun gan shi a ƙofar gida sai su ce alobera ce. Ba ita ba ce. Alobera in ka karya ganyenta yauƙi ne zai fito, wannan kuwa zare ne cike da shi, don ɗan'uwan sisal ne, wanda ake igiya da shi a Tanzaniya da Kenya. Sunansa Agave americana, asalinsa Meziko. Mai ratsi a gefe shi ake kira Marginata, akwai kuma Mediopicta mai ratsinsa a tsakiya.

Na farko da na saya bai yi wata biyu ba. Kullum safe da yamma ina ba shi ruwa kamar tumatir, ina ganin gata nake masa. Ranar da na taɓa shi, ganyen tsakiya ya zare a hannuna, gindin ya yi baƙi, ga wari. Ruwa ne ya kashe shi.

Ku ga dalili. Da rana tsiron nan rufe ƙananan ƙofofin ganyensa yake yi, sai dare ya yi sannan ya buɗe ya shaƙi iska, shi ya sa ba ya asarar ruwa kamar sauran shuke-shuke. Kaurin ganyen nan randarsa ce. To mai randa cike, me zai yi da ƙari? In saiwar ta kwana cikin laima, ruɓewa take yi.

Saboda haka ku samo tukunyar ƙasa mai huji a gindi. Ku haɗa yashi mai kaushi da tsakuwa da ƙasa kaɗan, in akwai burbushin gawayi ku zuba. Kada ku binne gindin ganyen, saiwa kawai za ta shiga ƙasa. Kafin ku ba shi ruwa, ku soka tsinke har ƙasan tukunya. In ya fito da danshi, a bar shi. In ya fito a bushe, a zuba har ya tsiyaye ta hujin. Da damina, musamman a watan Agusta, ku janye shi ƙarƙashin rumfa.

Yanzu maganar ratsin, tunda dominsa aka saye shi. Wurin rawayan nan ba shi da koren da ke haɗa wa tsiro abinci, don haka mai ratsi ya fi kore zalla jinkirin girma, kuma rana ta fi saurin ƙona shi. Wanda aka saba masa da inuwa, kada a fito da shi cikin zafin ranar watan Afrilu kai tsaye. A fara da hantsi, a riƙa ƙarawa a hankali. Amma in ya dawwama a inuwa, ganyen zai zube ya yi laƙwas.

Kun ga 'ya'yan nan da suka fito a gindinsa? Da su ake samun sabo. A yanke da wuƙa mai tsabta, a ajiye a inuwa kwana uku ko huɗu yankan ya bushe, a dasa, a jira mako guda kafin ruwa. Ku zaɓi ɗan da ya gaji ratsin uwarsa. Wanda ya fito rawaya zalla ba zai rayu shi kaɗai ba.

Ku sa safar hannu, ruwan ganyen yana sa ƙaiƙayi mai zafi. Ƙayar tsinin nan kuma daidai idon yaro take, ni da abin yanke farce nake datse ta.

Turawa na ce masa tsiron ƙarni, wai sai ya shekara 100 yake fure. Gaskiyar ita ce tsakanin shekara 10 zuwa 30 ne. Sai ya fitar da kara guda mai kai mita 8, ya yi fure sau ɗaya tak, uwar ta bushe, 'ya'yan da ke gindinta su ci gaba.