Girafit: buƙata tana hawa, farashi yana sauka

Masu saurare, baƙin abin nan da ke cikin fensirin ɗan makaranta, wanda ake kira girafit, shi ne yau manyan ƙasashe suke ja-in-ja a kansa. Yana cikin batirin wayar salular da ke aljihunku, yana kuma cikin batiran litiyom da 'yan kasuwar Maraɗi suke ƙara shigowa da su domin masu wutar hasken rana, musamman tun da Najeriya ta katse wa Nijar lantarki a watan Agustan 2023. Ana kiran batirin da sunan litiyom, amma girafit ɗin da ke cikinsa ya fi litiyom ɗin nauyi nesa ba kusa ba, domin batirin motar lantarki guda yakan ci kilo 50 ko fiye. Masana'antun ƙarfe ma tsofaffin masu saye ne, da shi suke yin sandunan da ke narkar da ƙarfe a tanderun lantarki da tubalan da ke jure zafin wuta.

A bisa al'adar kasuwa, kayan da masu nema suka yi wa yawa tsada yake yi. Girafit ya saɓa wa wannan, domin farashinsa ya yi ta faɗuwa a 2023 da 2024, har ma'adinar Balama ta arewacin Mozambik, ɗaya daga cikin mafi girma a duniya, ta riƙa dakatar da aiki saboda rashin ciniki. Dalilin yana ƙasar Sin. Ita ke haƙo kusan kashi uku cikin huɗu na girafit ɗin da ake haƙowa a duniya, sannan ta gina masana'antu masu yawa da ke ƙera na hannu daga ragowar ɗanyen mai, ana gasa shi a zafin da ya kusa digiri 3,000, har kayan suka fi ƙarfin kasuwa.

Amma inda Sin ta fi riƙe wuyan kowa shi ne wurin tacewa. Kafin girafit ya shiga batir sai an niƙa shi, an mulmula ƙwayoyinsa, an wanke shi ya kai tsarkin kashi 99.95 cikin ɗari, kuma fiye da kashi 90 na wannan aiki a can ake yin sa. Dattawan Maraɗi da suka ga zamanin da ake loda buhunan gyaɗa zuwa Turai, riba ta tsaya a hannun masu matse mai, ba sa buƙatar dogon bayani a nan: Mozambik da Madagaska da Tanzaniya suna da ramin, wani ke da injin.

Tun daga 1 ga Disamban 2023 Sin ta wajabta neman izini kafin a fitar da wasu nau'o'in girafit daga ƙasarta. Amurka da Tarayyar Turai sun sa shi cikin ma'adanan da ba su son dogaro da kowa a kansu, har an kafa matata a jihar Luwiziyana ta Amurka domin sarrafa girafit ɗin Balama. Sai dai gina matata yana ɗaukar shekaru, kamfanonin motoci kuma sukan daɗe suna gwaji kafin su amince da sabon mai kawo musu kaya, kuma duk tsawon wannan jira na Sin ne mafi araha a kasuwa.